Tukunyar Gwaggo Da Ba A Wankewa

Gwaggo ta rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, kuma kafin azahar gidanmu na Diffa ya cika har babu wurin ajiye takalmi. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ban san dama da hagu ba. Saboda haka a tabarmar bakin ɗakinta aka zaunar da ni, ni da matar Yaya, wato matar ɗanta tilo, duk wadda ta shigo gabanmu take fara durƙusawa.

Na ji maganganu iri-iri a ranar. Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mana nono ta ce, "Hajiya akwai faɗa, amma ba ta taɓa mayar da ni da ƙwarya a cike ba." Wata 'yar uwarmu da ta taso daga Damagaram ta yi ta nanata cewa marigayiya ba ta da riƙo. Na sunkuyar da kai, domin in ana maganar riƙo, ban san wanda ya kamo ƙafar Gwaggo ba a garin nan. A ƙofar gida kuma, inda maza suke, wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, ya shafa fatiha, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ƙarfi, "Shi ke nan, ja ta ƙare a Diffa." Aka yi masa caa, wai ana zaman makoki shi yana zancen maƙoshi. Ni ban ga laifinsa ba. Rabin waɗanda suka hayayyaƙo masa abin da ke ransu ke nan, shi dai ya riga su faɗa.

Abu ɗaya ne kowa ya yi tuntuɓe a kansa. Mace za ta ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta," sai ta juya wajen matar Yaya, sai harshenta ya sarƙe. Ba a san ko a yi mata gaisuwar uwar miji kaɗai ba, ko a haɗa da ta miji. Yaya ya fita shekaru kusan goma da suka wuce bai dawo ba, ba a ga gawarsa ba, kuma Gwaggo ta hana a ce "Allah ya jiƙansa" a cikin gidanta. Sai dai a ce, "Allah ya bayyana." Ko a ranar nan da take kwance cikin likkafani, babu wadda ta yi ƙarfin halin karya mata doka.

Da aka fita da ita, maƙwabciyarmu ta shiga madafa da buta ta yayyafa wa murhu ruwa. Haka ake yi: ba a hura wuta a gidan rasuwa sai an yi sadakar uku, maƙwabta ke kawo abinci. Garwashin ya yi cuu, ya mutu. Na ga matar Yaya ta ɗaga kai ta kalli baƙar tukunyar ƙarfen da ke gefen murhu, ta mayar da idonta ƙasa. Ni ma ita nake kallo. Abin da ke cikin tukunyar nan sai an tafasa shi kowace safiya, in ba haka ba zafin bazara ba zai bar shi ya kai kwana uku ba.

Dole in yi bayanin tukunyar nan, domin wanda bai san ta ba bai san Gwaggo ba.

Mu mahauta ne, asalinmu Damagaram. Mijin Gwaggo ya zo Diffa da wuƙa da tsinken tsire, ya kafa tukuba a bakin tasha, da ya rasu Yaya ya gaje shi. Masu tsire suna da yawa a garin, kuma kowa da yajinsa na gari. Abin da ya bambanta namu shi ne wata jar miya mai kauri da Gwaggo take haɗawa a gida, a shafa wa nama a kan wuta, a kuma tsoma shi a ciki in za a ci. Ba ta da suna. Ja kawai ake ce mata, kuma tun daga Mainé-Soroa direbobi suke daure yunwa don su iso ta.

Na taso ina ganin yadda ake yin ta. Busasshen tattasai na bakin Komadugu, wanda aka shanya a kan rairayi har ya yi ja wur, shi ne tushe. A cire hancinsa, a kakkaɓe 'ya'yan, a jiƙa a ruwan ɗumi, a niƙa a dutse. Gwaggo ba ta yarda da injin niƙa ba. Takan ce, "Inji ba ya da kunya, abin kowa yake ci, ya zo ya amayar maka a naka." Sai a soya albasa a man gyaɗa har ta yi duhu, a zuba niƙan, a bi shi da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, da daddawa ɗan tsiguli. Tsami daga tsamiya yake zuwa, zaƙi daga dabinon Mainé da aka jiƙa aka murje, gishiri kuwa sai na Manga. Daga nan a janye itace a bar wuta kaɗan, a zauna. Ba a cewa ta yi sai mai ya taso ya rufe fuskarta, ludayi ya tsaya a ciki da kansa.

Kashi biyu take raba ta. Ta shafi takan tsinka ta da ruwan tsamiya, Yaya ya riƙa shafa ta da ɗan ƙullin kaba. Ta tsomi kuma a ƙara mata garin ƙuli-ƙuli ta yi nauyi. Sau nawa na ji tana yi wa Yaya faɗa, da gemunsa da komai, don ya shafa da wuri. "Dabino ba ya shiri da harshen wuta, kai! Sai nama ya kusa nuna. Ka shafa tun yana ɗanye, ka ba mutane gawayi su ci." In wani ya zo yana roƙon ta sayar masa don ya rufe warin naman jiya, ta ce, "Ja ba ta gyara mushe," ta ci gaba da niƙanta.

Tana da wata al'ada da ta ce daga uwarta ta gada. Ba ta kwashe ja duka. Kullum takan bar saura a gindin tukunya, ta kira shi uwa, a kansa ake zuba sabon haɗi. Da safe, kafin koko, kafin ruwan shayi, kafin komai, tukunyar ja ce take fara hawa wuta. Sau ɗaya a shekara, jajibirin Babbar Sallah, ake kwashe ta tas, a raba wa maƙwabta, a wanke tukunyar da toka da rairayi, a sake sabuwar uwa. Ni ke wankin nan, kuma na tsane shi, domin sai hannuna ya kwana yana zogi.

Yaya taubashina ne, ɗan mace da 'yar namiji, saboda haka ba ma haɗuwa ba mu taɓa ba. Kullum muna musun wane ne bawan wani. In na kai masa ja tasha, sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga baiwata ta iso, kowa ya riƙe namansa." In ce, "Bawa ba ya magana sai uwargijiyarsa ta ci hanta." Kuma sai ya yanko mini hantar, ya tsoma, ya miƙo mini a bakin wuƙa. Mutum ne mai son dariya, ba ya iya yi wa uwarsa musu. Na faɗi wannan ne domin shi ne abin da ya kai shi.

Shekarar da mutanen daji suka fara tsallako kogi, komai ya tsaya. Aka hana hawa babur, aka hana kamun kifi, aka hana cinikin tattasai, aka ce kuɗinsa yana komawa hannunsu. Ƙauyukan bakin ruwa suka fara watsewa. Buhunmu na ƙarshe ya ƙare. Yaya ya shigo da tumatirin gwangwani da wani jan gari na leda, ya ce, "Inna, mu lallaɓa da wannan har Allah ya kawo sauƙi." Lokacin bai daɗe da aure ba, amaryarsa tana tsaye a bakin madafa, lallen ƙafarta ma bai gama fita ba. Gwaggo ta lakaci garin ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, "Wannan jan bulo ne. Ubanka bai sayar da ƙarya ba, ni ma ba zan dafa ta ba. Ga aminiyata can bakin kogi da tattasai jibge a ɗaki, tafiyar rabin yini. Ko kuwa maza sun ƙare a gidan nan?"

Da kunnena na ji. Yaya ya yi dariya, ya ce, "Ba su ƙare ba, Inna."

Washegari ya tafi. Da la'asar amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida da buhu ɗaya, an lulluɓe shi da kara. Mai amalanken ya ce Yaya ya ce a yi gaba, yana tafe. Aka yi magariba bai zo ba. Aka wayi gari bai zo ba. Maza suka bi sawu har inda sojoji suka mayar da su, aka tambaya wurin jandarma, aka duba gidan likita, aka aika har tsallake. Babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu magana, kuma sai a lokacin na san ba a banza suka faɗa ba.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, a gabanmu dai. Ta kwance buhun, ta jiƙa, ta niƙa da hannunta, ba ta bar kowa ya taɓa dutsen ba. Ta zuba a kan uwa. Da jajibirin Sallah ya zo na ɗauko toka da rairayi kamar kullum, sai ta ce, "Ajiye. Tattasan da ya aiko yana ciki. Sai ya dawo ya ci, a wanke." Daga ranar tukunyar ba ta sake ganin toka ba. Buhun ya ƙare, an sayi wasu da aka saki kasuwa, an zuba, an kwashe, an zuba. Ni na san bayan shekara ɗaya ko ƙwayar tattasan Yaya babu a ciki. Ita ma ta sani, ba wawiya ba ce. Amma kowace safiya takan tafasa, ta zuba ludayi guda a ɗan kwanonsa na sha, ta rufe da faifai. In dare ya yi a ba wa duk wanda ya samu.

Kada a ɗauka zuciyarta dutse ce. Da muka ji mutanen ƙauyen aminiyarta sun taru a Assaga, a gefen kwalta, ta ce in ɗauko mayafi. Aminiyar nan Babarbariya ce, ita da mijinta suke noma tattasan da muke aiki da shi tun kafin a haife ni. Mun same ta a wata bukkar zana da leda, matar da a da take da rumbu uku, tana juya gayan dafaffiyar dawa, jikoki sun zagaye ta. Gwaggo ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya kyauta ba. Ta zauna a ƙasa, ta buɗe kwanon ja da ta riƙo a cinya tun daga gida, ta zuba musu a kan dawar. Tsohuwar ta kai loma ɗaya, ta tsaya. Ta ce da Hausarta ta Barebari, "Hajiya, wannan gona nawa ne." Sai ta rufe fuska da gefen zane.

A ranar tsohuwar ta ba mu labarin rabuwarsu da Yaya. Yaya ya ɗora buhu, har ya yi sallama, sai ya ga mijinta yana fama da injin ban ruwa a bakin kogi, zai jawo shi kafin su gudu. Ya ce bari ya kama masa. Suka gangara su biyu. Daga nan sai ƙarar bindiga, kowa ya yi ta kansa. Ta ce, "Nawa ma bai zo ba, Hajiya. Ni na yi mishi sadaka. Ki yi ma naki, ki huta." Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "Ki aiko da kwanon, za a riƙa ciko miki." Kuma ta cika alkawari, duk Juma'a kwanon nan yana tafiya Assaga a motar kasuwa har ƙarshen ranta. Zancen sadaka kuwa ba ta amsa ba.

Wadda abin ya ci ita ce matar Yaya. Ta shigo gidanmu yarinya, ba ta ko samu ciki ba. Ba ta zama bazawara ba, balle a nemi aurenta. Ba ta zama matar aure ba, sai da suna. Sa'o'inta suka yi ta haihuwa, tana zuwa suna tana dawowa. Da shekara huɗu ta cika, wanta ya zo daga Mainé, ya ɗauko liman, suka zauna a zaure. Liman ya yi bayani a hankali, ya ce shari'a ta ba macen da mijinta ya ɓata dama, in wa'adi ya cika, ta yi takaba ta fita. Ya ce abin da ya fi kyau a yi wa bawan Allah addu'a, a sallami yarinya.

Gwaggo tana bayan labule. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, kai ka wanke shi?"

Ya ce, "A'a, Hajiya."

"Ka sallace shi? Ka san inda aka sa shi, ka kai ni?"

"Hajiya, ba haka ake..."

"To ni ban haifi marigayi ba. Yarinya kuwa ban ɗaure ta ba, ƙofar gidan nan ba ta da kuba. In za ta tafi, ga hanya. Amma ba da bakina ba."

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na same ta a madafa na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Kin ce ba ki ɗaure ta ba, alhali kin ɗaure ta da tukunya. Wace mace ce za ta fita ta ce mijinta ya mutu, uwarsa tana zuba masa abinci kullum? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da ni ce a gidan wasu, za ki yarda?" Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Na ga riƙon da na yi ya yi kyau, har kin yi bakin yi mini wa'azi. Fita mini daga madafa." Ba ta sake yi mini magana ba har watan azumi ya kama. Sulhun da ta yi shi ne ta aiko mini da hanta gasasshiya gidan mijina, da ja a gefe, ba saƙo. Na ci, na yi kuka, amma maganata ban janye ta ba, har yau kuma ban janye ba.

Matar Yaya ba ta bi wanta ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, abin da ta ce masa kawai shi ne, "Hannunta ya fara rawa. Wa zai hura mata wuta?" Gaskiya ne, hannun ya fara rawa. Sannu a hankali niƙa ya koma wurinta, suya ta koma wurinta, har ɗora tukunyar safe. Gwaggo sai dai ta zauna a kujera 'yar tsugune tana ba da umarni: rage wuta, ƙara tsamiya, wa ya koya miki yanka albasa haka. Ban taɓa jin ta yabe ta ba. Amma in ta samu turare ko atamfa, ita take ajiye wa, ni da ta riƙa sai dai in gani a jikinta. Haka suka zauna su biyu a gidan, masu tsiren tasha suna aiko buteli, wato kwalba, ana cika musu ja. A bara na lura da furfura a gefen kan matar Yaya, raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Ciwon Gwaggo bai yi tsawo ba. Ana gobe za ta rasu, da safe, ta aiki matar Yaya kasuwa sayen citta, alhali akwai citta a gida. Da ta fita, ta ce in matso. Muryarta ta yi ƙasa, amma faɗan yana nan.

Ta ce, "Ke mai baki. Abin da kika faɗa mini a madafa, kin ɗauka ban ji ba?"

Na ce, "Gwaggo, a bar wannan zance."

"Ba za a bari ba. Ni na aike shi. Kina wurin. Ya kawo mini jan gari na ce maza sun ƙare. In na buɗe baki na ce ya mutu, to wa ya kashe shi? Na gwada, wallahi na gwada, a kan sallaya ma na gwada. Ba ya fita." Ta huta, ta riƙe mini wuyan hannu. "In na tafi, ku ku faɗa. Sadakar uku ta mutum biyu ce. A cinye jar nan duka, kada a bar uwa. A wanke tukunya. Ki ce mata ta yafe mini, na ci mata ƙuruciya."

Na ce, "Ki faɗa mata da kanki mana."

Ta ce, "Da zan iya, da ke zan kira?" Ta juya fuska bango.

Saƙon da nake ɗauke da shi ke nan a kan tabarmar makoki, mutane suna shiga suna fita, suna ta Allah ya bayyana. Wan matar Yaya ya iso da yamma, ya ja ni gefe ya ce, "Wannan karon ba zan koma ni kaɗai ba. Ku dangin miji ku yanke magana." Da mutane suka ragu na faɗa wa matar Yaya komai, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara tana murza bakin mayafinta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tashi ta yi alwala.

Washegari da sassafe na fito, sai na ga wurin tukunya wayam. Na leƙa waje, ga matar Yaya can tana shiga gidan maƙwabciya, ta naɗe hannu da tsumma, tukunyar a gabanta. Raina ya tashi. Na bi ta, na same ta ta ɗora a murhun mutane tana fifita wuta. Na ce, "Haba, baiwar Allah! Mai tukunya ta sake ki, ke kuma ki ɗaure kanki? Shekara nawa kike so ki ƙara? Sai kin mutu a kan murhu kamar ita?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An hana wuta a gidanmu, ba a hana a nan ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta juya ludayi a hankali, yadda Gwaggo take yi, daga gefe zuwa tsakiya. Ta ce, "Gobe ne sadaka. In ta kwana biyu ba wuta, tsami za ta yi. Shekarun nan duka ina tafasa wa mutum abinci bai zo ya ci ba. Ba zan sallame shi da ruɓaɓɓiya ba."

Na tsuguna na karɓi mafici.

Ranar uku aka yanka rago. Abokan sana'ar Yaya na tasha, waɗanda yanzu duk sun yi tumbi da furfura, suka haƙa rami a ƙofar gida suka hura gawayi. Matar Yaya ta raba ja kashi biyu, ta tsinka ta shafi da ruwan tsamiya, ta zuba wa ta tsomi ƙuli-ƙuli, ta ƙwaƙule gindin tukunya har ludayi yana ƙara. Ɗaya daga cikin masu gashin ya ɗauki kaba zai shafa nama tun yana ɗanye, sai na ji muryarta daga zaure, matar da ba a jin muryarta: "Sai ya kusa nuna." Ya janye hannu kamar an mare shi.

Mijina ne ya kai wa liman saƙo. Da aka zo addu'a, liman ya ambaci Gwaggo, aka amsa. Sai ya ce, "Da ɗanta. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa inda ya faɗi ya zama masa rahama." Amin ɗin ba ta fito nan take ba. Mutane sun daɗe suna kaffa-kaffa da kalmar, sai da tsohon direban nan ya ce amin da ƙarfi, sannan sauran suka bi. A cikin gida aminiyar Gwaggo, wadda aka ɗauko daga Assaga, ta fasa kukan da ta riƙe tun zuwanta.

Aka raba nama. Ban taɓa ganin an ci ja shiru ba sai ranar. Babu wanda ya ce ta yi daɗi, babu wanda ya nemi ƙari, kuma ko an nema babu. Matar Yaya ta ɗauko ɗan kwanonsa, ta zuba ludayin ƙarshe, ta tsoma tsoka ɗaya ta ci, ta miƙo mini sauran.

Da la'asar na ɗauko toka da rairayi, domin aikina ne tun ina yarinya. Matar Yaya ta ce in bari. Ta zauna a bakin rariya ta yi ta dirza, baƙin shekaru yana fita ɓawo-ɓawo, har hannunta ya yi jini a gefen farce. Ta ɗauraye, ta kife tukunyar a rana. Sannan ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta ta zuba mini a hannu, ta ce in nemo mata zane marar ado. Wanta ya ce ta zo su tafi ta yi takabar a Mainé. Ta ce a'a, a ɗakin mijinta za ta yi, kamar kowace mace, in ta gama ya zo. Takabar da sa'o'inta za su yi a tsufa, ita ta shige ta bayan ta riga ta yi zamanta shekara da shekaru ba lada ba suna. Ko za ta sake aure, ko za ta ga ɗanta na kanta, Allah kaɗai ya sani, kuma ban yafe wa kowa wannan ba tukuna, har wadda nake rubuta wa ta'aziyya.

Amma ina kewar Gwaggo, ba kaɗan ba. Ina kewar faɗan, da ƙarar dutsen niƙa, da yadda take ɗanɗana abu ta yi shiru kowa yana jiran hukunci. Ta ciyar da garin nan abu mai kyau, ba ta taɓa sayar da ƙarya ba, kuma wannan gaskiyar tata ita ta cinye mata ɗa. Ta san haka, ta tashi da shi kowace safiya, ta ɗora shi a wuta.

Ranar huɗu aka hura murhu. Muka tsaya ni da matar Yaya, wuta tana ci, kowacce tana jiran 'yar uwarta, domin a gidan nan ba mu san abin da ake fara ɗorawa da safe ba in ba tukunyar ja ba. Ƙarshe na ɗauko butar shayi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata abin da ta kasa yafe wa kanta. Yaya kuma, bawana, taubashina, wanda ya ce maza ba su ƙare ba: Allah ya jiƙanka. Yau ne na fara faɗa.